Sai Mai Nauyi, In Ji Tasalla

“...da mutanen gida, da haƙurin ruwa?”

“Ruwa sai addu'a, Wakili. Ina kasuwa?”

“Kasuwa da godiya, Inna Tasalla. Wanga na maigidan naki?”

“Shi na, wai. Miji ba cehwane. Dube shi don Allah, awa karan da hwari yab bari.”

Saurayin da ke bayanta ya miƙo mini hannu yana share gumi.

“Kak ka biye mata, Malam Wakili. Tun Tsamaye nika jan ta awa tsohuwar amalanke. Nic ce ta zamna gida, tac ce ƙahwata ƙahwarta.”

Ni ne Wakili, mai rumfar kayan wuta a kasuwar Isa. Na-hannu nake ɗaukowa daga Maraɗi: rediyo, talabijin, fanka, da abin da ya sawwaƙa. Tasalla kuwa na san ta tun tana kawo daddawa kasuwar nan, bakinta bai taɓa hutawa ba. Saurayin jikanta ne, Jibrilla, ɗan ɗanta Labbo. Shekara biyu ke nan a jere ruwa na ɗaukewa gero na da ciki, rumbuna sun zama ɗakin ɓera. Samarin Tsamaye duk sun ɗaure jaka sun yi Kurmi cin rani, Jibrilla kaɗai ya rage mata namiji a gida. Shi ne tsohuwar nan ta sayar da tumakinta biyu tun yunwa ba ta kashe su ba, ta ce ya buɗe wurin buga gem a zaurenta, ya samu na tuwo, ya zauna. Talabijin da ɗan ƙaramin janareta ya riga ya samu wajen wani abokinsa da ya tafi. Na'urar gem ɗin ce ta rage, kuma iri biyu gare ni. Kowace da sunanta na Turanci, amma mu nan ba ma wahalar da harshe: ɗaya Siririya, ɗaya Ƙatuwa.

Na jera su bisa tebur. Jibrilla bai ko kalli Ƙatuwa ba, ya ɗora hannu kan Siririya.

“Wagga za ni ɗauka.”

Tasalla ta buge hannun. “Da tumakin wa?”

Ta ɗaga Siririya da hannu guda, ta jinjina, ta taɓe baki. Ta koma kan Ƙatuwa, sai da ta sa hannu biyu ta yi nishi.

“Yawwa! Ga kaya. Waccan ai ba komi cikinta, ko murhin tukunyata ya hi ta nauyi.”

“Ba a sayen gem da nauyi, tsohuwa. Ba turmi ba na.”

“Mi aka saye ba da nauyi ba? Dame da nauyi, rago da nauyi, har miji da nauyi. Ni kaɗai anka cuta anka ba ni kai.”

“In da nauyi aka auren mata, ke da kin tsuhwa gidanku. Iskar bazara in ta taso sai mun aza miki dutsi bisa kai.”

“Kai, yaro! Ran da anka ɗauko ni amarya daga Gangara, raƙumi sau ukku shina durƙusawa.”

“Don baƙin ciki na. Ya san abin da za shi kai ma kakana.”

Masu wucewa suka fara tsayawa. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, raina fari ƙal. Wata huɗu Ƙatuwar nan na cin mini wuri a rumfa, ba wanda ya taya. Ga Allah ya kawo mai so.

“Wakili,” in ji Tasalla, “wace ta hi kyawon hoto?”

“Ƙatuwa, Inna. Wannan ba gardama.”

“Ka jiya?”

Jibrilla ya zuba mini ido. “Hwaɗi sauran, Malam Wakili. Ka ji tsoron Allah, goshinka har da tabon salla.”

Ɗan banzan yaro ya kama ni a inda ba na iya motsi. Dole na faɗa: faifan wasannin Siririya ko'ina akwai su, har a faranti ake tallarsu. Na Ƙatuwa sai an yi sautu, a jira. Siririya ɗan janaretansa zai ɗauke ta har da fanka. In ta yi ciwo akwai mai gyaranta nan bayan tasha. Kuma ƙwallon da 'yan kabu-kabu da yaran shaguna suka saba bugawa, a kanta suka koya.

“To kin ji,” in ji shi. “Komi ƙanƙantar allura ƙarhe ta.”

“Allura ɓacewa taka yi. Ka taɓa jin an ce galma ta ɓace cikin tsumma?”

“Ni ba noma za ni yi da ita ba.”

“Ai na sani. Ko can da anka yi ruwa, wane noma kay yi? Kunya ukku sai ka kwanta gindin gawo kana kiran a kawo hura.”

“Hurar da kika damawa? Ruwa guga guda, gero ƙwara bakwai?”

“Ita tar raya ka har ka yi bakin zagina. Wai tsaya, mi aka yi cikin abin ga?”

“Ƙwallo. Mutum goma sha ɗai nan, goma sha ɗai can.”

Ta dafe ƙirji. “La'ilaha illallahu! Ƙarti ashirin da biyu cikin wagga 'yar mitsitsiya? Ina za su shaƙi iska da zahin ga? Kai ba ka da imani. Ga ɗaki mai hili, su sake su wala.”

Rumfa ta kwashe da dariya. Wani mai goro har da tafi. Jibrilla ya riƙe kai.

“Malam Wakili, ba ka musanyar tsohuwa? In ba ka wagga ka ba ni rediyo, ko marar murhi. Shi aƙalla ana kashe shi.”

“Sai dai ka mutu ka bar ni.”

“Ina! Gumbarki na nan za ni sha. Na riga na gaya ma jikoki, ran da kinka tahi ƙwarya guda tawa ta ni kaɗai.”

“Da wane gero za a daka ta, shekarar ga? Ka ga ko mutuwa ba ta kama ni yanzu. Sai an yi damana mai kyau.”

“To ki bari in sai Siririya in tara na geron.”

“Ƙatuwa.”

“Siririya.”

“Bagobira ta ni, yaro. Dubi huskata, zanen ga ba ado ba na. Ba mu ja da baya.”

“Ni Bayarabe na? Jininki na jikina, abin da ad damuwata ke nan.”

Haka suka yi ta yi har inuwar rumfa ta juya. Na kawo musu ruwa, suka sha, suka ɗora daga inda suka tsaya. Ni dai na fara zargin wani abu, don ruwa ba ya tsami banza. Tasalla ba wawiya ba ce. Matar da ta shekara talatin tana ciniki ta ji bayanina sarai, ta kuma san inda riba take. Amma duk lokacin da hannun yaron ya doshi Siririya sai ta ture shi, kuma ture na gaske, ba na wasa ba.

Can Jibrilla ya gaji. Ya sauke murya, dariyar ta bar fuskarsa.

“Kaka, bar wasa. In munka ɗauki Ƙatuwa ba mai zuwa zauren ga. Wata guda za ni ruhe shi in bi abokaina su Sodangi Kurmi. Tumakinki sun tahi banza ke nan.”

“In munka ɗauki Siririya ba ka kai wata gudan.”

“Kamar ƙaƙa?”

Ta jawo 'yar jakar da ke rataye a kafaɗarsa, ta zuge, ta ɗauki Siririya ta zura. Ta shige tsaf, har da sauran wuri. Ta zuge jakar ta sake ta, ta koma tana lilo a gefensa.

“Ka gani? Ko mai mota ba shi cewa ka biya na kaya.”

Ta juyo wajena, kamar ni ta zo ba labari.

“Hwarin da anka yi wanga yaro na goye, kasuwar ga niz zo da ubanai Labbo. Keken ɗumki za mu saye, shi zamna gida shi yi sana'a. Iri biyu munka iske, mai teburi da ƙahwahun ƙarhe, da ɗan na hannu wanda aka saɓawa ga kahwaɗa. Yac ce na hannu ya hi sauƙi, ya hi araha, ya hi komi. Gaskiya yaf faɗi, awa yadda kaf faɗi taka yanzu. Nic ce to. Kwana arba'in bai cika ba yas saɓa shi yay yi Kurmi, wai sai ruwa ya sauka shi dawo. Ruwa ya sauka sau ashirin da wani abu, Wakili. Ko wasiƙa.”

Ta gyara ɗaurin kallabinta. Ba hawaye ko ɗigo.

“Da nic ce sai mai teburi, da yanzu shina zaurena shina taka shi. Wanda maciji yas sara, ko tsumma yag gani gudu shika yi. Ni dai a ba ni abin da ba ya ɗaukuwa.”

Na ji kunyar kwaɗayin da na yi na rabuwa da kayana, na ji tausayin tsohuwar nan har cikin ƙashina. Mai goro ya ɗauki farantinsa ya sulale.

Jibrilla ya zuge jakar, ya fito da Siririya ya mayar kan tebur.

“Malam Wakili, wagga tana tashi ba wayarta ta wuta?”

“Ko tari ba ta yi.”

“Miƙo min wayar.”

Na miƙa masa. Ya naɗe ta a hannu tsaf, yadda ake naɗe igiyar guga, ya kamo tafin kakarsa ya danƙa mata.

“Ga turke. Dabba inda turkenta shike nan taka kwana. Kullum da sahe in zo in durƙusa in gaishe ki, ki ba ni. In na tashi aiki in maido miki. Na'ura tawa, waya taki.”

Ta dubi wayar, ta dube shi. Tsohuwa ba ta ruɗuwa da sauri.

“Kai ka raina min wayo. Ba a sai da irinta Kurmi?”

“Ana saidawa. Ko'ina ana saidawa.”

“To mi kab ba ni ke nan?”

“Da Baba za shi tahi, ya ba ki wani abu yac ce riƙe min?”

“Bai ba ni ba. Da asuba nit tashi nig ga wurin keke wayam.”

“To ni na ba ki, gaban Malam Wakili da mutanen kasuwar Isa. In kinka ga rana ta hito ban zo amsa ba, ki aika a yi min wanka, don na riga ki.”

“Tir da bakinka! Allah shi tsare.”

“To ki ce amin ga Siririya.”

Ta juya wayar a hannu, ta ja ta da ƙarfi ta ji ko tana da ƙwari. Ta ɗaga ta ta jinjina, sai ga kafaɗunta na rawa, dariya ta ƙwace mata har ana ganin haƙoranta uku da goro ya rina.

“Wakili, ka ga ja'irin yaro? Ya ɗaure kainai ya miƙo min igiya. Naɗe mishi 'yar yunwar tashi, na sallama.”

“Alhamdu lillahi! Bagobira ta ja da baya.”

“Ban ja ba, gyara tsayuwa niy yi. Wakili, ina gyarana? Ko daddawa ta kwabo nis sayar sai na ƙara ma mutum.”

“Inna, ba a gyara ga kayan wuta.”

“Yau za a hwara.”

Ya zan yi? Na ɗauko hannun bugawa guda sabo fil, wanda na ɓoye don wani mai shago, na ɗora musu. Ƙatuwa kuwa na mayar da ita kusurwarta, ta ci gaba da cin wuri.

Jibrilla ya rungumi kwalinsa. Tasalla ta kwance bakin zane, ta zagaya wayar a ƙugunta sau biyu, ta ƙulle tam, ta mayar da zane a kai.

“Kaka, kawo in sa ta cikin kwali har mu kai gida, kak ta ɓace cikin mota.”

“Ka taɓa ta in ɓalle maka yatsa. Wuce gaba, maigida. Ni ka bayanka.”