Cutar da Na Gano a Gombe

Ba zan taɓa mantawa da shekarata ta ƙarshe a jami'a ba, ko da na so in manta. Aikin da aka ba ni na kammala karatu shi ne in tantance ire-iren ƙwayoyin yis da ke sa wa mutane ƙaiƙayi da farin baki. Sai in shafa samfurin majiyyaci a faranti mai sinadari, in jira ya tsiro. Kowane iri da launinsa, wanda aka fi sani kore yake fitowa.

To ni nawa kusan duk jaja-jaja suka riƙa fitowa. Na duba hotunan da aka ba mu, babu mai kama da shi sosai. Nan fa kaina ya kumbura, wai na gano sabuwar cuta a Gombe. Na faɗa wa Dada, mahaifiyata, ita kuma ta faɗa wa duk mai sayen fanke a ƙofar gidanmu a Jekadafari (ni nake kwaɓa mata ƙullin kullum kafin in tafi lab, ɗakin gwaje-gwajenmu). Mai duba aikina yana ta tafiye-tafiye, ta waya kawai ya ce in ci gaba.

Ranar kare aiki na sha sabon ɗinki, na zuba bayani har da ɗaga murya. Wata malama 'yar Kaltungo, Dakta Rifkatu, ta ce a miƙo mata faranti ɗaya. Ta kai shi kusa da fuska, ta dube shi da kyau.

"'Yata, ina farantin da kika bari babu samfurin kowa, don gwaji?"

"Ban yi ba, Ma."

"Safar hannu fa?"

"In ta ƙare haka nake yi, Ma."

"A gidanku ana yin burodi ne?"

Na ce fanke dai. Wallahi da tsawa ta yi min da ya fi sauƙi, amma a hankali ta ce wannan yis ɗin kwaɓa fulawa ne, daga farcena ya zuba. Wani a baya ya tuntsire da dariya.

Aka soke aikin. 'Yan ajinmu suka tafi bautar ƙasa, ni na maimaita shekara. Na yi kuka har na gaji, na daɗe ban fita unguwa ba.

Tun daga nan, in na ga wani ciwo a jikin mutanen gari duka, hannuna nake fara wankewa.