Ranar da Aka Dawo da Ni a Amalanke

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na ƙudurta yin ziyara da ƙafa ba. Ko na so in manta ma, mutanen garinmu ba za su bari ba.

Bakina ne ya jawo mini. Muna zaune a majalisa, gindin darbejiyar ƙofar masallaci, ana hirar mutanen da, sai na kawo labarin kakana da ya tafi Makka a ƙasa, ya ratsa Sudan har ya tsaya a gaɓar Bahar Maliya ya wanke ƙafarsa. Na ce jinin nan yana jikina. Ɗan'azumi, taubashina (ɗan ƙanwar babana ne, tun muna yara Allah ya jarrabe ni da shi), ya ce, "Jinin da ko Dawanau ba ya iya zuwa sai an goya shi a babur?"

Aka yi dariya. Ni kuwa na miƙe tsaye na ce a shaida: kafin ruwan shuka ya sauka zan je ziyarar kabarin malamina, can bakin dam bayan Bagwai, da ƙafa, ni kaɗai, in bi gaɓar ruwa har in isa. Mu da ba mu da teku, ai dam ɗin nan shi ne tekunmu.

Shiri kam na yi shi irin na manya. Na zaɓi bazara saboda ruwa ya janye, gaɓa ta bushe, aikin gona bai kankama ba. (Zafin rana ban saka shi a lissafi ba. A aji huɗu na bar firamare, ba mu kai wajen ba.) Kullum da yamma ina zana hanya a ƙasa da sanda, ina nuna wa majalisa inda zan ya da zango da inda zan yi sallar azahar. Na tanadi gora, na kakkaɓe buzu, na sa aka yanka mini sabon takalmin taya. Sai na yi wata dabara da har yau nake mamakin kaina: na tura takalmin ƙarƙashin gado, ban taka shi ko sau ɗaya ba, wai kada ya cinye kafin ranar tafiya.

Babban ɗana ya bugo waya daga Kano. "Baba, ka bari in zo in kai ka a mota."

Na ce masa lada a tafin ƙafa yake, ba a kujera ba.

Mai ɗakina ba ta yi dogon musu ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, da ƙafar nan da nake gasa maka duk sanyi?" Na ce sha'anin maza ne.

Sannan na bi gari gida-gida ina neman gafara, kamar mai tafiya aikin hajji. Ina shiga ina sassauta murya, ina cewa rai ba a bakin komai yake ba, in an ga juna to, in ba a gani ba a yafe mini. Mata suka haɗo guzuri: dakuwa, ƙuli-ƙuli, dabino. Wata tsohuwa ta ba ni saƙon addu'a a kan ciwon gwiwarta. Duk na karɓa, ina gyaɗa kai irin na waliyyai.

Ranar tafiya, bayan asuba liman ya yi doguwar addu'a, aka raka ni har bayan gari. Na ɗora sanda a kafaɗa na kama hanya da sassarfa, da niyyar in na ɓace musu in rage sauri. To a ƙasarmu ina mutum zai ɓace? Gona manne da gona, gida yana kallon gida, ga bazara ko kara ɗaya babu a tsaye. Duk inda na waiga akwai mai sharar gona da ya san ni, ya san ubana. "Malam, a sauka lafiya." "Malam, a sa mu a addu'a." Dole na riƙe takun da na fara da shi. Takalmi kuwa ya fara cin dunduniya, ya koma ɗan yatsa. In cire, yashi ya ɗau zafi, ga idon jama'a. Kafin hantsi ya dubi ludayi ƙafafuna sun yi bororo sun fashe. Na lallaɓa gindin wata ɗorawa na zube. Ina kwance ina jiyo ƙarar injin niƙa, na kasa kunne da kyau, wallahi na garinmu ne.

A nan Tanko ya same ni. Dattijo ne daga unguwar masu coci da ke gabas da mu, ya kai taki gona da amalankensa yana komawa. Ya duba ƙafata ya girgiza kai.

"Malam, wannan ko bayan gida ba za ta kai ka ba. Hau."

Na ce zan hau, amma don girman zumunci ya bi da ni ta bayan gari, ya sauke ni a bayan dangarmu. Ya ce to. Na miƙe a kan buhunan da ya juye takin, na ja farin mayafina na lulluɓe tun daga kai har ƙafa don kada a gane ni. Tanko ya ɗora mini sandata da takalman a kan ciki. Da gajiya da rausayar amalanke, barci ya yi gaba da ni.

Abin da ban sani ba, wani ya jibge takinsa a hanyar bayan gari ya toshe ta. Tanko bai ga dalilin tashina ba, ya sauko ya ja shanunsa ta tsakiyar gari, yana tafe a hankali, hula a hannu, don shi haka yake girmama ƙofar masallaci.

Salati ne ya tashe ni.

Na ji muryar liman a kaina yana tambaya, "Tanko, a ina?"

"A gindin ɗorawa na tsince shi kwance, ƙafafun nan duk…"

Ba wanda ya tsaya jin ƙarshen zancen. Salati ya sake tashi. Wani ya ce, "Ai tun da ya bi gari yana neman gafara na san ya ji a jikinsa." Wani ya ce, "Mutumin kirki, sai dai cika baki." Aka ce a je a kashe injin niƙa, a nemo masu haƙa. Tanko yana ta "Ku tsaya, ku ji," muryarsa ta nutse.

Mai karatu, a nan ne hankali zai ce tashi zaune. Ni kuwa sai na ɗauke numfashi. Ina lissafi a ƙarƙashin mayafi: in na tashi yanzu me zan ce? Ina cikin neman abin faɗa lokaci yana tafiya, tashin yana ƙara tsada. Har na fara tunanin ko in bari sai an shigar da ni gida. Sai na jiyo kukan mai ɗakina ya nufo mu. Shekarunmu tare ban taɓa jin wannan muryar a bakinta ba. Duk da haka ban motsa ba.

Ɗan'azumi ne ya matso, yana jan hanci, ya ce a bar shi ya ga fuskar ɗan'uwansa. Ya ɗaga mayafin. Idona a buɗe, nasa jage-jage da hawaye. Muka kalli juna. Ya daɗe yana kallona. Sai ya mayar da mayafin a hankali, ya gyara shi tsaf, ya juya ya ce, "Liman, a dakata da haƙan. Mamacin yana ƙifta ido."

Na tashi zaune, takalma suka zubo ƙasa, ɓurɓushin taki a gemuna. Na duba gabas na duba yamma, duk wanda ya raka ni da asuba yana wajen. Abin da ya zo bakina shi ne, "Salamu alaikum."

Wata mata ta yar da tulunta ta ruga. Liman, Allah ya saka masa, ya amsa sallamar cikakkiya, sannan ya ce, "Malam, har an dawo?"

Da yamma mai ɗakina ta dafa ruwa ta zauna gasa mini ƙafa. Ta danna tsumma a kan bororon da ya fi ciwo, ta riƙe shi a wajen.

"Kana jina ina kuka," ta ce, "ka yi shiru."

Dariyar gari gaba ɗaya ba ta kai wannan zafi ba.

Yau ko a wajen ɗaurin aure Ɗan'azumi ya hango ni, sai ya ce a matsa wa Marigayi ya zauna. Ni kuma abin da na koya, a kyauta nake ba wa na baya: in kunya ta taso maka, tare ta a zaune, fuska a buɗe. Wadda za ka ji a zaune ta yini ɗaya ce. In ka lulluɓe, sai an tara maka gari.