Tudun da Rahoto Ya Ce Ba Ya Motsi

Zuwa ga Mai Girma Babban Injiniya,
Shugaban Ofishin Nazarin Ƙasa da Gangare.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta na ƙasa ga na sama, ina fatan iyali da ma'aikata da na'urori duk suna cikin ƙoshin lafiya. Ni tela ne. Gidana shi ne na ƙarshe a layinmu, a gindin tudun da kuka yanke bara don fitar da sabuwar hanya. Ɗakin mahaifiyata ne a can baya, taku shida tsakaninsa da katangar da kuka gina ta tare ƙasa. Taku bakwai ne ranar da aka gama ginin, amma ba na so in fara da ƙorafi.

Na karanta rahotonku da aka liƙa a jikin katangar. Ya ce ƙarfin da ke riƙe gangaren ya ninka ƙarfin da ke jan sa sau ɗaya da rabi, don haka kowa ya yi barci har da minshari. Na yi murna ƙwarai da gaske. Abin da ya rage shi ne a samu wanda zai hau ya karanta wa tudun, domin bisa dukkan alamu kwafinsa bai iso gare shi ba. Kafin nan, ga 'yan koke-koke daga wanda bai isa ba.

Na ɗaya. Ma'aikatanku sun zo da injin haƙa a tsakiyar rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas, ko diga sai ta yi tsalle a kanta. Suka ciro ta a bututu, suka naɗe a leda, suka kai ɗakin gwaji, ta kuwa ci jarrabawa. Yallaɓai, ko ni da ban wuce aji shida ba, akwai yadin da ba na sa wa almakashi sai na jiƙa shi na ga halinsa. Jar ƙasar nan in ta sha ruwan kwana uku santsi take kamar sabulu. Shin akwai wanda ya taɓa zuwa gaishe ta da damina daga ofishinku, ko takalman ne ba sa son laka?

Na biyu. An gina katangar da ƙananan ramuka don ruwan da ke taruwa a bayanta ya samu mafita. Ana saura kwana biyu manya su zo buɗe hanya, mai kula da aikin ya ce ramukan sun ɓata wa katanga fuska, hoto ba zai yi kyau ba. Magini ya ce kada a taɓa su, aka tambaye shi ko shi ne injiniyan. Aka toshe su da siminti, aka bi da farin fenti. Hoton ya yi kyau, na shaida. Yanzu katangar ta turo ciki kamar mai wata bakwai, kuma matata, wadda ta haifi biyar, ta duba ta ce ba ta jin za a kai tara.

Na uku, kuma a nan nake roƙon ku gyara zama. Duk wata jami'in awonku yana zuwa, mutum mai fara'a da hular kwano, ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku. Turakun ƙarfe biyu yake dubawa. Ɗaya yana tsakiyar gangare, ɗaya yana sama a gindin mangwaro, kuma na saman nan shi ne ya ce mini tsayayye ne, daga gare shi ake auna komai. Sai ya auna tazarar da ke tsakaninsu, ya rubuta babu canji. Wata tara ke nan babu canji, kuma wallahi bawan Allah bai yi ƙarya ba. Sai dai tsagar da ta buɗe baki a saman tudun, wadda yanzu ƙafata ke shiga har ƙauri, tana bayan mangwaron ne, ba gabansa ba. Wato da tsayayyen turke, da mangwaro, da ɗan'uwansa na tsakiya, duk mota ɗaya suka shiga, tare suke gangarowa. Ta yaya fasinja zai gane tafiya in maƙwabcin kujerarsa yake kallo?

Mu a gida muna da tamu na'urar. Igiyar shanya ce, ɗaure daga ƙusar katangarku zuwa ginshiƙin ɗakin Inna. Duk bayan ruwa sai ta saki, zannuwa su taɓa ƙasa, matata ta ja ta ɗaure ta yanke rarar. Na adana guntayen a aljihun keken ɗinki, na kuma auna su da tef: inci ashirin da biyu. Na nuna wa jami'inku. Ya jinjina kai, ya ce shi awo aka turo shi, ba zaɓen turke ba, kuma fom ɗin ba shi da gurbin igiya. Ban ga laifinsa ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Guntayen suna nan, in ɗakin gwajinku yana karɓar baƙi.

Na huɗu shi ne ya sa na ɗauki biro. Inna ta tsufa, ƙafafunta sun gaji, daga gado zuwa bakin ƙofa sai ta huta sau biyu. Na share mata ɗakin gaba inda nake aiki, na fitar da keke baranda, na shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta ce ba inda za ta. Tagarta tana kallon rahotonku, kuma ta ga hatimin nan naku mai shuɗin tawada. Ta dube ni ta ce, “Kai da ka san allura, kai za ka fi masu hatimi sanin ƙasa? Tashi ka ba ni wuri.” Na nuna mata ƙofarta da ta daina rufuwa, ta ce kafinta ne tun farko bai iya aiki ba. Na kirawo ƙanenta ya roƙe ta, ta tuna masa ita ta goye shi, ya saɓa babbar rigarsa ya tafi.

Ina taya ku murna, ranka ya daɗe. Shekara hamsin ina neman Inna ta yarda da maganata ban samu ba, ku kun samu da bugu ɗaya a kan takarda. Amma ni tsoro nake ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Da hadari ya haɗo sai in ajiye allura da zare, in koma bakin ƙofarta in tsaya ina yi mata hirar da ba ta da kai.

Ba na neman ku janye rahoto, na san ba a yi wa manya haka. In hali ya yi, a mayar da turken bayan tsaga, a huda wa katanga ramukanta ta samu ta yi numfashi. Na san waɗannan sai an kafa kwamiti, ruwa kuwa ba ya jiran zaman kwamiti. Saboda haka abin da nake durƙusawa in roƙa ƙarami ne: takarda guda ɗaya, da hatimin nan naku a ƙasanta, a aiko kafin ruwa na gaba. Ku rubuta duk abin da kuka ga dama a ciki, ko da jadawalin hutun ma'aikata ne. Inna ba ta karatu. Ni zan karanta mata, kuma na riga na san abin da zan karanta.

Allah ya ƙara girma, ya tsayar da kujerarku fiye da yadda ya tsayar da turkenku.

Naku mai biyayya, wanda ke ƙarƙashinku da ƙarƙashin tudunku,

Tela,
gida na ƙarshe, gindin gangare.