Gumbar Kande

"Salamu alaikum. Ina ragon mijin nan nawa? Har yanzu yana kwance?"

Muryar kakarmu Kande ce daga zaure. Shekarar da mai ya yi wuya ne a Kaduna, amma tsohuwar nan ta taso tun daga Rigasa har Rafin Guza, rabi a bas rabi a ƙasa, da ɗan kwano ɗaure a tsohon ɗankwali. Ƙanena Ɗahiru ta zo dubawa. Kafinta ne, amma tun farkon damina bai ƙara riƙe zarto ba. Asibiti sun sallamo mana shi, suka ce mu je gida mu ci gaba da addu'a, kowa kuwa ya san abin da ake nufi da haka. Ni ke jinyarsa, kuma ranar babu wasa ko kaɗan a raina. Su biyun dai ba su nemi shawarata ba.

"Wa alaikumus salam," in ji Ɗahiru daga kan katifa. "Au, kina nan da ranki? Na zaci kirana aka zo yi in je shan gumba."

Gaisuwarsu ke nan tun yana yaro. Shi ya ce ta yi ta mutu ya sha gumbar sadakarta, ita ta ce sai ta ga furfurarsa.

"Gumba da wannan bakin? Dubi idanunka, kamar an ɗiga musu manja. Wace mace za ta zauna da kai in ba ni ba?"

"Ni ma tausayi ya hana ni sakinki. Haƙori biyu suka rage miki, su ma ba sa ga maciji da juna. Me ke cikin kwanon?"

"Ba naka ba ne. Fara gaya mini abin da likita ya ce. Ni na ce ciwon shawara ne, a jiƙa maka sassaƙe, kuka raina ni."

"Na sha sassaƙenki har na kusa fitar da ganye. Likita ya ce baƙo na yi."

"Baƙo? A ɗakin da ko tabarmar kirki babu?"

"Wata ƙwayar cuta ce, ido ba ya ganinta. Ta jini take shiga, ko a bakin aska, ko a allurar da aka yi wa wani da ita. Wani ma da ita ake haihuwarsa. Sai ta bi jini tana zagawa har ta iske hanta, ta ce nan ne masaukinta."

"Ba ko sallama?"

"Ba sallama. Ita kaɗai ba ta iya hayayyafa, sai ta shige cikin naman hantar ta sa shi ƙera mata 'ya'ya. Su ma su fito su faɗa maƙwabta. Shekara da shekaru ana haka, kai kana ta yawonka ba ka sani ba."

Kande ta tafa hannu. "To ai wannan kai ne! Aka kawo mini kai yaye, aka ce ɗan kwana biyu. Ba ka tafi ba sai da muryarka ta buɗe. Ka cinye mini kaji, ka gayyato abokanka suka ƙarasa ƙwan."

"Ke kuma kika biyo mu da muciya, kika fasa tulunki da hannunki. Haka jikina ya yi. Ya tashi korar baƙo, dukan ya riƙa sauka kan kayan ɗaki. Likita ya ce yawancin ɓarnar a wajen faɗan aka yi ta. Duk inda ya yi rauni ya zama tabo, har hantar ta ƙi aiki. Shi ne ruwan da ya taru a cikin nan, shi ne idanun."

Ta dubi kumburarren cikin, ta kawar da kai.

"To a kore shi mana."

"Ya riga ya ci gida, tsohuwa. Ni dai alfarma ɗaya nake nema. Likkafanin nan da kika sayo a Makka, kika ɓoye a ƙasan adaka, ki ara mini."

"Rufe mini baki, mara kunya! Layi ake bi. Ko a gidan mai ka taɓa ganin wanda ya zo da hantsi ya riga na asuba?"

"Kullum ma. Masu hanya, ta baya ake shigar da su."

"Kai ɗin wa ka sani?"

"Ga shi kuwa an kira ni kafin ke."

Nan na ji haushinsu ya kama ni, su duka biyu. Na so in daka musu tsawa. Sai na ga Kande ta jawo ƙullin ɗankwalin. Ta kwance shi da ƙyar, ta buɗe kwanon. Gumba ce, curi uku, fara tas.

"Geron da na ajiye don sadakata ne," ta ce. "Da safen nan na daka da kaina. Tun kana cikin tsumma kake yi mini gorin gumbata. Ba za a ce na bar ka ka tafi da kwaɗayinta ba."

Ɗahiru ya daɗe yana kallon kwanon. Can ya yi dariya, irin wadda rabona da jinta tun kafin ya kwanta.

"Kin yarda na riga ki ke nan?"

"Ci, ja'iri. Ka cika surutu."

Ya gutsiri ɗan kaɗan, ya tauna a hankali, ya haɗiye da ƙyar. Ya ɓata fuska.

"Rowa dai har a nan. Sukarin bai ji ba."

Kande ta ja bakin mayafinta ta goge ido, ta matsa masa da kwanon kusa.

"Wannan ta ɗanɗano ce. Ka daure ka tsaya ta gasken, zan bar wasiyya a ƙara maka."