Sanarwar Rasuwar Alfons, Babur na Farko na Injiniya Uhlig

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Waltraud Uhlig, matar marigayi Injiniya Reinhold Uhlig, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da tsofaffin ma'aikatan kamfanin babura na garin nan rasuwar Alfons, ƙaramin babur kore, wanda aka tabbatar da cikawarsa ranar Asabar a dandalin kasuwa, a gaban magajin gari da 'yan busa, yana da shekara hamsin a duniya. An ce "aka tabbatar" ne domin ainihin ranar da rai ya yi halinsa babu wanda ya sani. Saboda haka mai sanarwar ke roƙon a daure a karanta har ƙarshe.

An haifi marigayin a 1957. Injiniya Uhlig a kan teburin cin abinci ya zana injinsa, har shi da Waltraud suka yi wata takwas suna shan miyar dankali a tsaye. Inji ne da bai fi butar shayi girma ba, amma ya kan ɗauki ƙato da buhun gawayi ya haye tudun coci bai yi nishi ba. Silindarsa da hannu aka zuba ta, ita kaɗai ce irinta. Daga gare shi aka fitar da dubban ƙannensa, waɗanda suka yi ta kai masinja da ungozoma da ɗan ƙwadago wurin aiki.

Marigayin mai haƙuri ne, ba shi da yawan ci. Ɗan fetur da aka gauraya da cokalin baƙin mai ya ishe shi mako. Da safe ya kan yi tari biyu, kuf, kuf, sannan ya saki murya, reng-deng-deng-deng, shuɗin hayaƙi na bin bayansa. Shi ya ɗauko ungozoma cikin ƙanƙara ranar da aka haifi Heidrun, 'yar gidan. Bai taɓa kayar da kowa ba sai limamin coci, shi ma an ce limamin ne ya saki hannu yana gaisawa.

Ciwon ajalinsa ya faro shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da Injiniya ke kwance a asibiti. Ya kamo hannun matarsa, ya kira ta da sunan da yake kiranta a gida, ya ce, "Traudel, wasiyyata ɗaya ce. Duk Lahadi in kin dawo daga coci, ki tayar da Alfons minti goma. Aiki ba ya kashe inji, zama ke kashe shi."

Ta ce, "Wai ni ce matarka ko babur ɗin?"

Ya ce, "Ke ai kina tashi da kanki. Shi sai an buga."

Ta yi masa alkawari.

To, kowa ya san Lahadi a nan ranar hutu ce da ba a son ƙara, ko ƙusa ba a bugawa. Injiniya dai ana kau da kai ne don shi Injiniya ne. Waltraud ta cika alkawari Lahadi uku. Ta huɗu, Alfons na cikin reng-deng ɗinsa a tsakar gida, sai Frau Neubert, wato Uwargida Neubert, maƙwabciyar da ke zaune a saman bene, ta buɗe taga ta ce, "Frau Uhlig, mijinki mun yi masa haƙuri shekara arba'in, don rabin garin nan a inuwarsa ya ci abinci. Ke kuma me kika ƙera?"

Waltraud ta kashe inji, ta tura Alfons ɗakin ƙasa mai danshi inda ake ajiye dankali, ta ce wa ranta sai Litinin. Litinin ta zo da wanki. Talata ƙugu ya motsa. Haka mako ya zama wata.

Kada a ce an yasar da shi. Duk Lahadi sai ta sauka da tsumma ta goge shi, har tankinsa ya koma madubi. Tsofaffin ma'aikata kuwa in suka haɗu da ita a layin burodi su kan ce, "Frau Uhlig, yaya ɗan namu? Yana tashi?" Ita kuma ta ce, "Bugu ɗaya."

Frau Neubert ta riga mu gidan gaskiya shekara shida ke nan, don haka ba za a ɗora mata sauran ba. Bayan binne ta Waltraud ta sauka, ta ɗora ƙafa a kan kik, ta ji ya yi tauri. Sai ta janye ƙafarta a hankali, ta hau sama ta dafa kofi. Kiran makaniki na nufin gari ya ji. Ba ta sake gwadawa ba.

Ana nan sai gari ya shirya bikin cikar Alfons shekara hamsin. Heidrun da mijinta suka turo shi dandali yana ƙyalli, jama'a na tafi. Wanda aka bai wa girman bugawa shi ne Injiniya Eberhard Fritzsche, shugaban ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, ɗan shekara tamanin da huɗu, wanda ya yi shekara talatin yana zama ofis ɗaya da marigayi Uhlig ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya hau kik da dukan nauyinsa. Kik bai motsa ba.

Fritzsche ya gyara tabarau, ya ce, "Ya cije. Tun ana zanen na gaya wa Reinhold ya matse fistan da yawa, wata rana zai kama. Ai ba rashin kula ba ne, Frau Uhlig na tayar da shi duk Lahadi. Ko ba haka ba?"

Duk ido ya dawo kanta. Waltraud ta gyaɗa kai.

Wannan gyaɗa kan shi ne ya hana ta cin abinci. Ranar Litinin jaridar gari ta buga cewa an gano kuskuren da ya ɓuya shekara hamsin a aikin Injiniya Uhlig, da hotonsa yana murmushi a gefe. Mutumin da in ya auna abu sai ya sake aunawa, shi ne yau ake karanta kuskurensa a shagon aski.

Ranar Laraba ta ɗaura gyale ta tafi garejin Fritzsche, inda aka kai gawar. Ta tarar da injin a buɗe a kan tebur. Ba ta ko zauna ba ta ce, "Eberhard, ƙarya na yi. Shekara goma sha ɗaya ban tayar da shi ba."

Ya ce, "Na sani. Tun ranar Asabar na buɗe." Ya juyo mata silinda, cikinta ja wur da tsatsa, ta cinye ƙarfen har ta yi ramuka. "Awon Reinhold daidai yake. Sau uku na auna ina fatan in samu kuskure."

"To me ya hana ka gaya wa 'yan jarida?"

Tsohon ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Shekara hamsin ina jiran ranar da zan ci Reinhold gardama, Traudel. Na ce bari in ɗana ko na kwana biyu ne."

"Yau kwana huɗu."

"Ke ma ai kwana huɗun ne."

Suka tsaya, babu mai iya duban wani.

Don haka ana sanar da kowa: Alfons bai mutu da ciwon gado ba. Zama ne ya kashe shi, a hannun wadda aka bar wa amana. Aikin Injiniya Reinhold Uhlig ba shi da aibi ko ɗaya. Masu gyara sun ce za a iya sa masa sabuwar silinda, amma iyali sun ƙi, domin wanda zai tashi ɗin ba Alfons ba ne.

Ya rasu ya bar hular kwano ɗaya, da jakar sufana, da rabin galan na baƙin mai, da ƙanne masu yawa da har yanzu ke yawo a ƙauyukan kan tudu. Allah ya ba su tsawon rai da masu hawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Za a tashi daga garejin Fritzsche zuwa gidan tarihi na gari, a ƙafa, kuma Waltraud da kanta za ta tura. A bakin ƙofa Injiniya Fritzsche zai karanta awon fistan da babbar murya, a gaban ɗan jaridar da ya buga wancan labari. Bayan haka akwai kofi da kek a zauren coci. Ba a bukatar furanni. Masu ta'aziyya kuma ana roƙonsu kada su ce mata ba laifinta ba ne. Ta riga ta ji wannan daga bakin 'yarta, bai yi mata maganin komai ba.

Alfons zai zauna a gidan tarihi da takardar da ta faɗi abin da ya kashe shi. Fritzsche ya sauka daga shugabancin ƙungiyar tsofaffin ma'aikata. Waltraud tana gidanta, lafiyarta ƙalau, ta fara cin abinci, sai dai har yanzu ba ta koma layin burodi ba, Heidrun ce ke sayo mata.