Ranar da Na Ba Tarwaɗa Kanwa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da 'yan ajinmu suka zo ganin kifina ba. Har yau in na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai da na haura hamsin sannan na iya rubuta sunana da boko. Duk rayuwata kiwon turka na sani. In sayo rago ramamme a kasuwar Mai'aduwa, in ɗaure shi, in bi shi da dusa da harawa da kanwa, kafin Layya ya zama abin kallo. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan La'asar a nan Daura, sai na tarar da taubashina, Idi Mai Zabi, a bencin baya. Ɗan kawuna ne, ya girme ni da shekara uku, kuma shi ne kurar baya a ajin. Biro yake riƙewa kamar mai riƙe da lauje. Ni kuwa malaminmu, Malam Nura, kullum yana yaba hannuna (abin da ya fara kumbura mini kai ke nan).

A shekarar ne ni da Idi muka shiga kiwon tarwaɗa. Kowa ya gina tankin siminti a bayan gidansa. Raguna biyu na sayar na zuba a harkar, uwargidana Hajara tana kallona. Da farko lafiya lau. Sai buhun abincin kifi na kamfani ya yi tashin gwauron zabi, ya fi ƙarfin irinmu. Idi ya daina saye. Kullum da sassafe sai in gan shi yana dawowa daga bayan gari da tsohuwar tukunya a ka.

"Ɗan kawu, bara ka koma?" na ce masa.

"Gara na kamo wa kifina, ɗan gwaggo. Kai ka ci gaba da karanta musu buhu, ko za su ƙoshi."

Na yi dariya har da riƙe ciki. A raina na ce, jahilci dai bai yi ba.

Ana nan sai Malam Nura ya ce kowa ya rubuta shafi guda a kan sana'arsa. Ya ƙara da cewa ranar Asabar ajin zai zo gidana, in karanta nawa a gaban tankin, don mutane su ga amfanin karatu. Na dawo gida ina taku ɗai-ɗai. Na ɗauko tsohon buhun kamfani don in kwafi haɗinsu, sai na ga duk Turanci ne. Haruffan na gane su sarai, amma ba su gaya mini komai ba. Sai na yi tunani irin na mai turka: ai dabba dabba ce. Abin da ya gina rago, me zai hana ya gina kifi?

Na zauna na tsara shafina da hannu mai kyau. Dusa kwano huɗu. Garin harawa kwano ɗaya. Kanwa dunƙule guda, a jiƙa. Ranar Laraba na kwaɓa na antaya musu, don kafin Asabar su murje.

Hajara ta leƙo ta ce, "Malam, kifi kuma da kanwa?"

"Ke, tsakanin ni da ke wa ke zuwa makaranta?"

"Allah ya ba da haƙuri," ta ce, ta koma wajen tukunyarta.

Ranar Alhamis na ga ba su ci sosai ba, dusar duk ta nutse ta kwanta a ƙasa. To, duk mai kiwo ya san in rago ya ƙi ci, kanwa ake ƙara masa ta buɗe masa ciki. Ranar Juma'a na ninka kanwar. Na ja zana na rufe tankin saboda rana, na tafi wajen mai guga karɓo rigata.

Da safiyar Asabar ban ko leƙa su ba. Ina can ɗaki ina maimaita karatu. Na ji wani ɗan wari, amma na ɗora laifin a kan kwatar maƙwabta. Mutane suka iso, dattawa wajen ashirin, aka shimfiɗa tabarmi. Na miƙe cikin shaddata, na gyara murya, na karanta shafina tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Da na zo kan kanwa na ga Idi ya ɗago kai, amma ban kula shi ba. Aka ce madalla. Sai na ce, "Yanzu kuma ku zo ku ga sakamako," na yaye zanar da hannu ɗaya kamar mai buɗe sabon masallaci.

Warin ne ya fara gaishe mu. Ruwan ya koma kamar tsohon ƙullu, yana kumfa. Kifayena sun yi tsaye cirko-cirko, baki a sama, gashin bakinsu ya langaɓe, kamar masu kai ƙarata. Wasu kuwa sun riga sun juya farin cikinsu sama. Wani dattijo ya ce, "Inna lillahi." Wani ya toshe hanci da hularsa. Malam Nura ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Ni kuwa ina tsaye, zana a hannun dama, takarda a hannun hagu.

Idi ya leƙa ya ce, "Ɗan gwaggo, ko macijin Kusugu ka ba wannan ruwa sai ya yi ƙaura."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma tun bai rufe baki ba ya tuɓe riga. Ya zare toshiyar tankin, ya ce wa Hajara ta kawo duk wani baho da ke gidan, ya tura mutum biyu su taro 'yan garuwa. Ya faɗa cikin ruwan nan mai wari har gwiwa, yana tsamo kifin ɗaya bayan ɗaya, yana kauce wa ƙayarsu kamar a cikinsu aka haife shi. Mai sauran motsi ya sa shi a ruwa mai kyau, wanda ya tafi ya ajiye shi gefe. Bai huta ba sai da aka wanke tankin fes. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na rasa. Ba don shi ba, da ragunan nan biyu sun bi kwata gaba ɗaya.

Tunda an riga an taru, Malam Nura ya ce mu ƙarasa gidan Idi. A can na ga abin da ya ƙara kashe mini jiki. Kifinsa da nawa rana ɗaya muka sayo su, amma nasa kowanne ya kai damtsena. Ya nuna mana yadda yake cusa busasshen kashin shanu da karmami a tukunya, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a hanyar gara, kamar yadda kakanmu ke yi wa 'yan zabi. Ya nuna mana tunkuzar da yake karɓa wajen masu ƙuli-ƙuli, da waken suya da yake soyawa kafin a niƙa, da garin zogale. Dusar ma dafa ta yake yi, ya ɗaure haɗin da ɗan garin rogo, ya matse shi ta cikin gwangwani mai huji ya fito kamar taliya, ya shanya. Kuma ba ya ba su sabon abu sai ya ware guda biyar a baho ya gwada kwana bakwai.

"Wa ya koya maka wannan?" Malam Nura ya tambaye shi.

"Su da kansu, Malam. In ka zauna ka kalle su, za su faɗa maka abin da suke so."

Malam Nura ya juyo gare ni ya ce, "To, ga shafin da ya kamata a rubuta." Haka na zauna a ƙasa, da shaddata mai warin kifi, Idi yana faɗa ina rubutawa. Kowane layi sai ya ce, "Ka rubuta da kyau, ɗan gwaggo, kuma ban ce kanwa ba." Wannan shafin na karanta ranar rufe aji, da sunansa a sama. Da aka tafa, shi aka tafa wa, kuma ni na fi kowa tafi.

Abin da na koya shi ne, biro ba ya gardama. Duk shirmen da ka ba shi zai rubuta maka shi da kyau. Yanzu kafin in rubuta abu, sai na tambayi wanda ya sani, ko da a bencin baya yake zaune.

Sauran haɗin nawa kuwa bai yi asara ba. Hajara ta kwashe ta ba ragonta. Ranar Layya sai da maza uku suka taru kafin a kayar da shi, ita kuma ta dube ni ta ce, "Malam, ashe karatun naka daidai ne. Ɗaliban ne ka saka a ajin da ba nasu ba."