Sababbin Haƙoran Baba Tururi

"Ka kwana lafiya, Tsoho? Ko a kan bene ka kwana?"

"Lafiya lau, amarya. Gwiwa ce ta ce sai mun yi shawara a kowane mataki."

Ɗakin ɗaukar murya ne, ɗan ƙarami, an manne bangonsa da soso, ga makirfo tsaye a tsakiya. Gilashi ya raba shi da teburin na'urori, inda jikar tsohon take zaune da abin ji a kunne. Ita ke kula da muryoyin wani shirin katun na yara. Tauraron shirin wani dodo ne mai fukafukai, Baba Tururi, wanda kullum yake alkawarin fesa wuta amma sai fito ya kuɓuce masa. Kakanta, tsohon tela, shi ke yi wa dodon murya, fiton kuwa daga giɓin bakinsa yake fita. Yau da ya shigo sai ya tsaya a gaban gilashin ya yi mata murmushi, ya ƙi rufe baki.

"Tsaya. Mene ne wannan a bakinka?"

"Haƙora ake ce musu. Na san kin daɗe ba ki gan su a wajena ba."

"Na wa ka aro?"

"Nawa ne, yarinya. Likita ya auna, ya ƙera, ya ce bai taɓa ganina da kyau irin na yau ba."

"Da ma ya san ka ne?"

"Jiya muka fara haɗuwa."

"Ka yi kama da gaban sabuwar mota."

"Na gode. Da can bayan tsohuwa nake kama da shi, ba ki taɓa yabawa ba."

Ta girgiza kai, ta nuna masa makirfo. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe takarda, ta kunna jar fitila. Ya cika ƙirji ya karanta: "Ku matsa, yara, sarkin sama zai saki wuta." Kowace kalma ta fito fes, babu ko alamar fito. Ta kashe fitilar.

"Wa ya shigo da mai karanta labarai ɗakin nan?"

"Kin ji lafazi ko? Ni kaina sai da na waiwaya in ga wa ke magana."

"Ina fiton?"

"Ya yi ritaya."

"Tsoho, ba wasa nake ba. Masu zane fiton nan suke bi. Inda ya fita, a nan hular dodo ke tashi sama, a nan tsuntsaye ke faɗowa daga gajimare. In babu shi, dodo ne kawai yake tsaye yana jawabi, wane yaro ne zai yi dariya? Kuma shugaban shiri ya daɗe yana cewa akwai wani matashi da ya iya kwaikwayonka. In na kai masa wannan muryar, shi zai kira."

"Kwaikwayona? Da haƙoransa cike da baki?"

"Tsinke yake saƙalawa a tsakani."

"Ikon Allah. Na ƙarar da ƙuruciyata a gaban keken ɗinki ina tsinke zare da haƙori kafin in samu wannan giɓin. Sauran kuma alawa ta ƙarasa su. Shi ne wani zai zo da tsinke ɗaya ya ci gadona ina raye?"

"To cire su mu yi aiki."

"Ba na cirewa. Zan yi miki fiton da leɓe. Kunna."

Ta kunna. Ya tsuke baki, ya hura. Iska ta fito, yawu ya biyo ta, sannan wani abu ya ce ƙwas a cikin makirfo.

"Me ya yi ƙara?"

"Na sama ne suke gaida na ƙasa. Ba su gama sabawa da juna ba."

"Sake."

Ya sake. Wannan karon sai da ya tare baki da tafin hannu.

"Ina za su?"

"Cewa suka yi za su riga ni sauka ƙasa."

Ta cire abin jin daga kunne, ta zagayo cikin ɗakin, ta tsaya a gabansa da hannu a ƙugu.

"Faɗa mini gaskiya, angona. Wace tsohuwa ce ta yi maka murmushi a hanya har ka je ka yi wa baki kwaskwarima? In kishi ne, ba ni da lokacinsa."

"Wa zai yi mini murmushi? Ko karen maƙwabta in ya gan ni hamma yake yi."

"To mene ne?"

Tsohon ya shafa haɓa, ya kalli soson bango.

"Ba ke kika ce yau in an gama za a kawo kyamara, a nuna wa yara fuskokin masu murya ba?"

"Ni na ce."

"To shi ne na tsaya a gaban madubi na ce bari in gwada gaishe su. Amarya, abin da na gani ko ni sai da na ja da baya. Baki kamar aljihun da aka zazzage. A murya ni dodo ne, ina da fukafukai, ina kwana a kan gajimare. A fuska kuwa lemon da aka manta a bayan firji. Yaro ya zauna yana jiran ya ga Baba Tururi, sai a nuna masa wannan? Gara a bar su da dodonsu."

Ta koma teburinta, ta ɗauko babban zanen dodon da masu zane ke aiki da shi, ta ɗaga shi kusa da fuskarsa, ta juya shi ya fuskanci gilashin da ke nuna su duka biyu.

"Kalli nan. Kana tsammanin wa muka kalla muka zana shi?"

Ya kalli zanen, ya kalli kansa. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan giɓin..."

"Naka ne. Daga hoton da na ɗauke ka kana barci a kujera."

"Tumbin fa?"

"Naka."

"Kunnuwan dai ƙari kuka yi."

"Ragewa muka yi. Mai zane ya ce in aka sa su yadda suke, yara za su ce ƙarya ta yi yawa."

"Shi ya sa. Kullum in na kalli shirin nan sai in ce, kai, dodon nan yana da kwarjini. Ashe son kai ne." Ya sake leƙa zanen. "Wato duk gidan da ke da talabijin an riga an ga cikin bakina?"

"Kowane mako. Da kala."

"Ni kuma ina nan ina ɓoye shi a bayan hankici in zan yi dariya a kasuwa."

"Yaran nan in suka ga wannan gaban motar, ba za su gane ka ba. Cewa za su yi an sauya musu dodo. In suka ga giɓin, su da kansu za su faɗi sunanka kafin a faɗa."

Ya ja dogon numfashi, haƙoran suka ce ƙwas.

"Kun ji, ku ma kun goyi bayanta. Juya baya."

"Ni da nake da hotonka baki buɗe?"

"Juya, na ce. Mutum ba ya kwance bakinsa a gaban matarsa."

Ta juya tana danne dariya, ta koma bayan gilashi. Ya zaro hankici, ya yi abin da zai yi, kumatunsa suka koma mazauninsu. Jar fitila ta kama.

"Ku matsa, yara, sarkin sama zai saki wuta."

Fiton ya fita tun daga kalmar farko, siriri, mai tsini, ya ƙara tashi a kan sarkin sama, har allurar na'ura ta buga ƙarshe. Jikar ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa.

"Ya yi?"

"Ya yi, Tsoho. Hular ta tashi."

Ya fito yana dariya, bakin a buɗe, ya ajiye ƙullin hankicin a gabanta.

"Karɓi, na ba ki kyauta. Babu mijin da ya taɓa ba matarsa bakinsa sukutum sai ni."

"Me zan yi da su?"

"Ajiye. Yadda kike cizon mutane, naki ba za su kai ki tsufa ba." Ya gyara wuyan riga, ya shafa kunnuwa. "Kira mai kyamarar. Ki ce masa ya matso kusa. In za a nuna giɓi, a nuna shi duka."